Kalmomin sarautar Birtaniya a Faransanci: "sacre" ko "couronnement", kuma yaya za a yi da "earl"?

Rabi'atu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka riga ni shiga aikin fassara tsakanin Turanci da Faransanci. An ba ni wani ɗan littafi in mayar da shi Faransanci, wanda yake bayani a kan gidan sarautar Birtaniya tun daga rasuwar Sarki George VI a 1952 har zuwa bikin naɗin Sarki Charles III a cocin Westminster ranar 6 ga Mayu, 2023. Lokacin da na karɓi aikin na ɗauka ba zai ba ni wahala ba, domin da yawa daga cikin kalmomin sarauta na Turanci, irin su "prince" da "duke" da "crown" da "royal", daga Faransanci aka aro su tun asali, saboda haka na zaci mayar da su gida kawai zan yi. Da na miƙa babi na farko ga mai duba aikin, sai ya dawo mini da shi ya ja jan layi a wurare da dama ba tare da ya rubuta dalili ko ɗaya ba, kuma ba mutum ne mai son a dame shi da tambaya ba.

Inda littafin ya ce Charles shi ne "heir apparent" tun yana ɗan shekara 3, na rubuta "héritier apparent", an ja layi. Inda ya ce "coronation" na rubuta "sacre", domin ita na saba gani a tarihin sarakunan Faransa, nan ma an ja layi. Na kuma rasa yadda zan yi da "earl", tunda ƙamus ya ba ni "comte", amma idan na juya ƙamus ɗin sai in ga "comte" ita ce "count". Sannan akwai batun sunaye: idan Faransawa suna kiran William mai nasarar yaƙin 1066 da sunan Guillaume, shin Yarima William na yanzu, babban ɗan Charles, shi ma Guillaume zan kira shi? Kuma ko ya halatta in kira shi "dauphin" a wasu wurare don kauce wa maimaici? Allah ya saka da alheri.

Malam Habibu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama Rabi'atu. Mai duba aikinki ya yi daidai a kan "héritier apparent", ko da yake da ya yi miki bayani da ya kyauta. Wannan na daga cikin wuraren da ake cewa kama da wane ba wane ba ne. A dokar gado ta Faransa, "héritier apparent" shi ne mutumin da kowa ya ɗauka shi ne magaji, har ya riƙe dukiya yana juya ta, daga baya kuma ta bayyana cewa ba shi ne mai haƙƙin ba. Kalmar "apparent" a Faransanci tana yawan ɗauke da ma'anar abin da yake haka a ido kawai, alhali a cikin wannan laƙabi na Turanci tana nufin abin da ya fito fili wanda babu jayayya a kansa. Wato kin so ki ce babu wanda zai iya ture Charles daga layin gado, sai jimlarki ta kusa cewa magajin bogi ne. Abin da ya fi aminci shi ne ki rubuta "prince héritier" ko "héritier du trône".

Matsalar da za ki tarar a gaba ita ce "heir presumptive", domin littafin da ya fara daga 1952 ba zai rasa ta ba. Elizabeth, ƴar George VI, ta kasance "heir presumptive" daga 1936 zuwa 1952, ma'ana ita ce ke kan gaba a layi, amma da mahaifinta ya haifi ɗa namiji da ƙaninta ya sha gabanta, bisa dokar wancan zamani. Faransanci yana da "héritière présomptive", kuma nan ya dace sarai, sai dai marubutan Faransa da yawa suna amfani da "héritier présomptif" ga kowane mai jiran gado, wanda za a iya turewa da wanda ba za a iya ba. Don haka idan bambancin yana da muhimmanci a jimlar, kada ki dogara da kalmar kaɗai, ki ƙara ƴan kalmomi da za su nuna cewa haihuwar ɗan'uwa namiji tana iya canza matsayinta. Dokar gadon sarauta ta 2013 ta soke fifita maza ga waɗanda aka haifa bayan 28 ga Oktoba, 2011, shi ya sa Gimbiya Charlotte, ƴar William, take gaban ƙaninta Louis a layi.

Game da "dauphin", ina ba ki shawara ki bar ta kwata-kwata. Ba kalma ce ta kowane yarima mai jiran gado ba, laƙabi ne da ya samo asali daga yankin Dauphiné, wanda mai mulkinsa Humbert II ya sallama wa Sarki Philippe VI a 1349, daga nan magajin gadon Faransa ya riƙa ɗaukar sunan, kuma wanda ya riƙe shi na ƙarshe shi ne babban ɗan Charles X, har zuwa 1830. Birtaniya tana da nata laƙabin, "Prince of Wales", wanda ya girme shi, tun 1301 lokacin da Edward I ya ba ɗansa, kuma Faransanci ya daɗe da yi masa suna: "prince de Galles". Ƴan jaridar Faransa suna kiran wanda shugaban jam'iyya ko na kamfani yake shiryawa ya gaje shi da "dauphin", amma wannan salon magana ne, kuma a littafin da batunsa laƙabin sarauta ne zai rikita mai karatu. Idan maimaici ya dame ki, William yana da wani laƙabin, "duc de Cornouailles".

Malama Saudatu ta amsa:

Ƴar'uwa Rabi'atu, zan ɗauki batun "sacre". Kalmomin biyu ba abu ɗaya suke kallo ba. "Couronnement" tana kallon ɗora kambi a kan sarki, ita kuwa "sacre" tana kallon shafa masa tsarkakakken mai, wanda a wurin Faransawan da shi ne zuciyar bikin. Sarakunansu a babban cocin Reims ake shafa musu mai, daga wata ƴar kwalba da suke kira "sainte ampoule", wadda ƴan juyin juya hali suka fasa a 1793, kuma sarkin da aka yi wa wannan biki na ƙarshe shi ne Charles X a 1825. Saboda wannan dogon tarihi, idan Bafaranshe ya ji "sacre" Reims ce take faɗo masa a rai, ko kuma bikin Napoléon a cocin Notre-Dame ta birnin Faris ranar 2 ga Disamba, 1804. Abin da aka saba rubutawa game da 1953 da 2023 shi ne "le couronnement d'Élisabeth II" da "le couronnement de Charles III", kuma ina jin abin da mai duba aikinki yake so ke nan.

Akwai wata kalma da ya kamata ki raba da waɗannan biyun, wato "accession". Charles ya zama sarki ne a ranar 8 ga Satumba, 2022, a daidai lokacin da mahaifiyarsa ta cika, watanni takwas kafin a ɗora masa kambi, kuma Edward VIII ya yi sarauta daga Janairu zuwa Disamban 1936 ya yi murabus ba a taɓa ɗora masa kambin ba. Wannan hawa gado shi ne "avènement" ko "accession au trône". Na sha ganin masu fassara sun cakuɗa shi da "couronnement", sai shekarar fara mulkin Elizabeth ta tashi daga 1952 ta koma 1953.

Tunda littafinki yana magana a kan sarauniyoyi iri daban-daban, ki lura da "reine". Faransa ba ta taɓa samun macen da ta hau gado da haƙƙin kanta ba. A 1316 an tsallake ƴar Louis X aka ba ƙaninsa, a 1328 kuma aka hana Edward III na Ingila, wanda yake neman gadon ta wajen mahaifiyarsa, kuma wannan ƙa'ida ce daga baya aka jingina ga abin da suke kira "loi salique". Saboda haka a tarihinsu "reine" matar sarki ce ko mahaifiyarsa. Inda Turanci ya ce "queen regnant" sai ki ce "reine régnante", "queen consort" kuma "reine consort", "Queen Mother" ita ce "reine mère", matar sarkin da ya rasu kuma "reine douairière". A 1952 akwai sarauniyoyi uku a raye lokaci guda, Elizabeth II da mahaifiyarta da kakarta Mary, don haka babinki na farko ma yana bukatar wannan rarrabewa.

Malam Yakubu ya amsa:

Malama Saudatu, na yarda da mafi yawan abin da kika kawo, amma ina da ja a wuri ɗaya, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ban ga laifin "sacre" ga sarkin Birtaniya ba idan jimlar tana magana ne a kan shafa man, domin a bikin Westminster ma ana yin sa, kuma shi ne sashen da suke ɓoyewa. A 1953 ba a nuna shi a talabijin ba, a 2023 kuma an kewaye sarkin da labule yayin da babban limamin Canterbury yake shafa masa man da aka tsarkake a birnin Ƙudus. Birtaniya ce kaɗai masarautar Turai da ta rage tana wannan al'ada. Sarkin Beljiyam, alal misali, rantsuwa kawai yake yi a gaban majalisa, abin da suke kira "prestation de serment". To idan akwai sarkin da kalmar "sacre" ta dace da shi a yau, ai shi ne na Birtaniya. Ni dai da aikin a hannuna yake, da na sa "couronnement" a matsayin sunan bikin duka, na yi amfani da "onction" inda Turanci ya ce "anointing", na kuma bar wa kaina damar sa "sacre" sau ɗaya ko biyu inda marubucin yake jaddada ɓangaren addini. Amma tunda Malama Rabi'atu tana da mai duba aiki a kanta, gara ta bi abin da ba zai jawo gardama ba.

Batun sunaye kuwa yana da sauƙin faɗa, amma babu ƙa'ida guda da ta rufe shi. Sarakunan da suka shuɗe Faransanci ya riga ya raɗa musu suna, kuma ba a taɓa shi: Guillaume le Conquérant, Étienne a madadin Stephen, Jean sans Terre a madadin John, Richard Cœur de Lion, Henri VIII, Jacques a madadin James, Édouard VII. Mary sarauniyar Scotland kuwa "Marie Stuart" suke kiranta. Ga mutanen zamaninmu al'adar ta yi rauni: babu wanda yake cewa "prince Guillaume", William ne a jaridunsu, Harry kuma Harry. Elizabeth II ce ta faɗa tsakiya, za ki ga "Élisabeth II" a ƙamus da littattafan tarihi, ki ga "Elizabeth II" a jaridu da yawa. Duk wanda kika zaɓa ki tsaya a kansa daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Ranar da William zai hau gado, idan ya riƙe sunansa, za a ga yadda za su yi, tunda na huɗu mai wannan suna "Guillaume IV" ne a littattafansu. Charles dai ya hutar da kowa.

Ki kuma kula da lambobi da baƙaƙe. Bature yana cewa Henry na takwas, amma Bafaranshe ƙirge kawai yake yi, "Henri huit", "Charles trois", in ban da na farko, wanda ake rubuta "Jacques Ier" ga namiji da "Élisabeth Ire" ga mace. Laƙabi kuma da ƙaramin baƙi yake farawa, "le roi Charles III", "le duc d'Édimbourg", saɓanin Turanci da yake son manyan baƙaƙe. "His Majesty" da "Her Majesty" duka "Sa Majesté" ne, domin "sa" tana bin jinsin kalmar "majesté" ne, ba jinsin mai sarautar ba, kuma haka "Son Altesse Royale" take ga yarima da gimbiya baki ɗaya.

Malam Habibu ya sake amsawa:

Na ga ba a taɓa "earl" ba. Ƙamus ɗinki bai yaudare ki ba, "comte" ce. Bayan 1066 Turanci ya ɗauki "duke" da "marquess" da "viscount" da "baron" daga Faransanci a zamanai daban-daban, amma a wannan mataki ya riƙe tsohuwar kalmarsa, kamar yadda ya riƙe "king" da "queen" da "lord" da "knight". Shaidar cewa matsayin ɗaya ne ita ce matar "earl" ba ta da wani suna sai "countess". Turawan Ingila suna ajiye "count" ne ga masu wannan sarauta na wasu ƙasashen Turai. Don haka mahaifin Diana, matar Charles ta farko, shi ne "le comte Spencer". "Lord" da "Lady" da "Sir" ba a fassara su idan suna gaban suna, majalisarsu ta "House of Lords" kuma "Chambre des lords" ce, "peer", wato mai riƙe da sarauta irin ta "duke" ko "earl" ko "baron", shi ne "pair", wanda aka ba kujera ta tsawon rayuwarsa kawai, bisa dokar 1958, shi ne "pair à vie". "Baronet" tana ƙara baƙi ɗaya ta zama "baronnet".

Wurin da nake ganin ya fi "earl" haɗari shi ne "commoner". Ƙamus zai ba ki "roturier", kuma ga Catherine, matar William, wadda iyayenta ba su da wata sarauta, "roturière" ta zauna daram. Amma a tsarin Ingila duk wanda ba sarki ba ne kuma ba shi da kansa yake riƙe da sarautar "peer" ba, to "commoner" ne a ido na doka, ko da ɗan "duke" ne. Winston Churchill jikan "duke" na Marlborough ne, a fadar Blenheim aka haife shi, amma a majalisar wakilai ya yi rayuwarsa ta siyasa. A Faransa ta da kuwa, "noblesse" matsayi ne da dukan ƴaƴan gida suke gada ta wajen uba. Saboda haka idan marubucin ya kira Diana "commoner", yana iya kare kansa da doka, amma ke idan kika rubuta cewa ƴar "comte" "roturière" ce, mai karatun Faransanci zai ɗauka kuskure kika yi. A irin wannan wuri gara a warware maganar, a ce ba ƴar gidan sarki ba ce. "Gentry", wato manyan masu filaye da ba su kai matsayin "peer" ba, ita ma haka take, wasu suna sa "petite noblesse", masana tarihi da yawa kuwa suna barin ta yadda take su yi mata bayani sau ɗaya.

Akwai kuma sunayen zamanai da suke kama da juna. "Regency" ta Ingila ita ce 1811 zuwa 1820, lokacin da ɗan George III ya riƙe masa mulki saboda rashin lafiya, amma "la Régence" ba tare da ƙarin bayani ba tana nufin 1715 zuwa 1723, lokacin ƙuruciyar Louis XV. "Restoration" dawowar Charles II ce a 1660, "la Restauration" kuma dawowar gidan Bourbon ce daga 1814. Dole a ƙara "anglaise" ko a sa shekara. Haka nan "royalty", idan ana nufin mutane, ba "royauté" ba ce, domin wannan sunan tsarin sarautar ne. Sai a ce "les membres de la famille royale".

Idan kika kai ga kalmomin hukuma, ki duba yadda Kanada take yi, domin ita ce ƙasar da wannan sarki yake sarauta a cikinta kuma Faransanci yake harshen gwamnatin tarayya kafaɗa da kafaɗa da Turanci, bisa dokar 1969. A can ba zaɓin mai fassara ba ne, kalmomin doka ne: "royal assent", wato amincewar sarki da doka, ita ce "sanction royale", jawabin buɗe majalisa "discours du Trône", "Privy Council", majalisar masu ba sarki shawara, kuma "Conseil privé", "the Crown" da ma'anar hukuma ita ce "la Couronne" da babban baƙi.

Rabi'atu ta dawo:

Malamai, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na gyara babi na farko, na sa "couronnement" ko'ina, na zaɓi "Élisabeth II", kuma na tarar da "commoner" a babi na uku daidai inda Malam Habibu ya yi hasashe, a kan Diana. Saura abu ɗaya. A sashen da yake bayanin yadda sarki yake amincewa da doka, littafin ya kawo wata jimla a haka: "Le Roy le veult". Na ɗauka kuskuren ɗab'i ne, har na mayar da ita "Le roi le veut". Shin na yi daidai?

Malama Saudatu ta amsa:

A'a, ƴar'uwa, ki mayar da ita yadda kika same ta. Tsohon Faransancin Normandiya ne, wanda majalisar Birtaniya take amfani da shi har yau wajen shelar amincewar sarki da doka, kuma a zamanin Elizabeth "La Reyne le veult" ake cewa. Jimlar ƙin amincewa ita ce "Le Roy s'avisera", wato sarki zai duba, kuma rabon da a hana wata doka amincewa tun 1708, zamanin Sarauniya Anne. Haka za ki bar "Dieu et mon droit" da ke jikin tambarin masarautar, da kuma "Honi soit qui mal y pense", taken ƙungiyar girmamawa da Edward III ya kafa, wadda Faransawa suke kira "ordre de la Jarretière". Ki lura "Honi" da "n" ɗaya ake rubuta ta a nan, ko da yake Faransancin yau biyu yake sa wa, kuma kwamfuta za ta ja miki jan layi a ƙarƙashinta. Abin da kawai za ki ƙara shi ne ɗan bayani cewa a ainihin littafin ma da Faransanci jimlar take, domin mai karatunki ba shi da hanyar gane hakan tunda duk shafin ya koma harshe ɗaya. Ki kuma sanar da mai duba aikin tun kafin ki miƙa masa babin, don kada shi ma ya gyara ta.